Goggo Mai Tare Kuloli a Ƙofar Ɗaki

Na Allah muke, kuma wurinSa za a tattara mu, kowa da ranarsa. Ta Goggo ta zo ranar Asabar da hantsi, tana zaune a kan tabarma a gidanta na unguwar Madaki, kofin kunu a gabanta ta sha rabi. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, don mu dai ba mu bar ta ta huta ba.

Ƙanwar surukina ce, wato goggon maigidana, amma a asibitin da ta ƙarar da ƙuruciyarta kowa Goggo yake ce mata, daga mai shara har babban likita. Ban yi niyyar rubuta komai a kanta ba. Abin da kunnuwana suka jiye mini a zaman makoki ne ya sa na ɗauki biro, don idan aka bar ta a bakin waɗannan mutane, nan da arba'in za su mayar da ita wata salihar tsohuwa mai raba alewa.

Baffan yara, yayan maigidana, shi ya kame a zaure yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya shigo sai ya girgiza kai ya ce yau sun zama marayu. Marayan nan shekararsa bakwai bai taka ƙofar gidan ba. A cikin gida kuma matarsa ce ta riƙe ɓangaren kuka, kuma ta iya: tana jin sallamar sababbin baƙi sai ta ƙara murya, suna fita ta gyara ɗankwali ta tambayi ko an sauke shinkafa. Sai ga tawaga daga asibiti, wani babba a cikinsu ya yi jawabi mai tsawo yana cewa sun yi rashin tsohuwar nas ɗinsu. Goggo ko kaza ba ta taɓa yi wa allura ba. Sun yi shekaru suna wuce ƙofar ofishinta, ba su san abin da take yi a ciki ba.

Ofishin kula da jin daɗin marasa lafiya ne, wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda kusa da inda ake wanke zannuwan gado. Idan an kawo mutum an gudu an bar shi, ita ke nemo danginsa. Idan majiyyaci ya ƙi magani, ita ke zama ta ji dalili. Kafin a sallami wani, sai ta hau keke ta je ta ga gidan da za a mayar da shi. A cikin dangi kuwa sunan wannan aiki gulmar da gwamnati ke biya. Ba likita ba ce da za a yi taƙama da ita, ba nas ba ce da za a kira ta sa ƙarin ruwa a gida, saboda haka ba a ga amfaninta ba.

Ni ban yi kuka a makokin ba, kuma na san an lura. Idona yana kan 'yata ta fari. Tun da aka bugo waya ranar Asabar ban ga ta sa komai a baki ba sai ruwa. Tana can madafa tana zuba wa kowa, tana bin baƙi da faranti, tana cewa a ƙara a ƙara. Masu makoki suna ta sa mata albarka. Ni kuwa na san wannan hidimar, na taɓa ganin irinta shekara bakwai da suka wuce, kuma na san inda ta kai mu.

Sai na fara da kaina, don Goggo ma da ni ta fara. A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kuma ni na riƙe abin da ƙarfi har ana misali da ni. Ban taɓa kiran sunan yarinyar ba. Ke, ko waccan, shi ke nan. A ɗakin kakarta ta tashi, tana ce mini Adda kamar yayarta. Ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ita ba, ban taɓa tsayawa na kalle ta ido cikin ido ba. Malamar makaranta ce ni, ina koya wa 'ya'yan wasu, ina gane wanda bai karya ba tun daga bakin ƙofar aji, amma tawa ina alfahari da cewa ban san lambar takalminta ba.

Tana da shekara goma sha shida ta fara azumin Litinin da Alhamis. Muka ce madalla. Ta ƙara da kwana uku na tsakiyar wata. Daga nan sai ramuwar da ba ta ƙarewa. Idan an kira magariba ta ɗauki dabino ɗaya da kofin ruwa, ta ce sauran za ta ci a ɗaki. Hijabinta ya ƙara tsawo da faɗi. Ita ke girkin gidan, ita ke rabawa. Baffa ya sa mata suna Malama, yana kafa wa nasa 'ya'yan misali da ita, har a ɗaurin aure sai ya ba da labarin cewa akwai yarinya a zuriyarsu da ba ta damu da cikinta ba. Ya fi kowa gaskiya a nan, bai dai san me yake faɗa ba. Wata Talata ta yanke jiki ta faɗi a filin taron makaranta, kuma a ranar ma wai azumi take.

A asibiti aka yi gwajin duk abin da ake gwadawa. Taifot babu, gyambon ciki babu, tarin fuka babu, har wanda dangi ke raɗawa a baranda ba sa iya faɗin sunansa, shi ma babu. Wata likita mai ƙananan shekaru ta zaunar da mu ta ce ciwo ne sananne, mutum ya riƙa tsoron abinci, yana ganin kansa da ƙiba alhali ƙashi ya rage, kuma idan ya yi nisa zuciya na iya tsayawa. Baffa ya yi dariya ya ce wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne da ƙoshi ya yi wa yawa, tasu yarinyar iska ce ta shafe ta saboda yawan ibada. Maigidana ba abin da ya dame shi sai roƙon kada Goggo ta ji. Bai san likitar ta riga ta aika takarda ofishinta ba.

Ta zo da takalmin robarta da jakar da hannunta ya tsinke aka ɗaure da zare, goro a kunci. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ja ni gefe ta tambaye ni yaushe rabon da in ga yarinyar tana tauna abinci da idona. Ta tambayi yaushe rabon da in ga damtsenta ba hijabi. Sai ta buɗe fayil ta ce in faɗa mata sunan majiyyaciyar, ita da aka yi suna a gabanta. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini. Ta daɗe tana kallona, sannan ta rubuta wani abu. Na tsane ta a ranar, kuma ba na ɓoyewa.

Sai aka shiga dubiya. Mutanenmu ba su san wata hanyar nuna ƙauna ga mara lafiya ba sai da kula cike da abinci, kuma da aka ji ciwon na ƙin ci ne, kowace mace a dangi ta ɗauka gasa aka buɗe. Farfesu, dambu, masa, fura da nono, kowa da kularta, kowa sai ta buɗe a ƙarƙashin hancin yarinyar tana haɗa ta da Allah da Annabi. Wata gwaggon ma cewa ta yi a danne ta a toshe mata hanci a yi mata ɗura irin ta jarirai. Yarinya ta juya ta fuskanci bango, rana ta biyu ta fizge robar ƙarin ruwa. Likita ta riga ta yi bayani cewa jikin da ya daɗe da yunwa kaɗan-kaɗan ake ba shi, da awo, abin da mai tsara abincin marasa lafiya ta rubuta, in aka cika masa lokaci ɗaya yana iya zama ajali. Ba wanda ya saurara, nas-nas kuma suna jin nauyin matan manya.

Goggo ba ta jin nauyin kowa. Ta jawo benci ta gindaya a ƙofar ɗakin ta zauna. Duk wadda ta zo da kula, sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce a shiga a gaisa minti biyar ban da maganar ci. Kulolin kuma sai ta kwashe zuwa ɗakin can ƙarshe, inda mutanen Borno da rikici ya koro suke kwance ba mai leƙo su. Da yamma a dawo wa kowa da kularta a wanke. Matar Baffa ta gano cewa farfesun kazar da ta wuni tana yi wata tsohuwa Babarbariya ce ta shanye har da suɗe ƙashi. Ta zo tana huci. Goggo ta tofar da goro ta ce mata, "Ladanki ya ninka, sai ki gode mini." Matar Baffan nan ita ce mai kukan nan na cikin gida.

Rigimarta da Baffa ta fi wannan girma. Ya zo da mota ya ce a sallami yarinya, zai kai ta a yi mata ruƙiyya, ya kuma faɗa a gaban jama'a cewa Goggo ta tsufa tana hana 'yar Musulmi azumi. Na zaci za ta wanke shi tas, don bakinta ba ya da linzami. Sai ta bar shi yana cika baki a baranda, ta hau keke ta je ta ɗauko malamin da shi Baffan yake ɗaukar karatu a wurinsa. Ta shigar da dattijon ɗakin, ta roƙi yarinyar ta miƙo hannu ya gani. Malam ya ga tsintsiyar hannun nan, ya yi salati a hankali. Ya gaya wa yarinyar cewa azumi ba ya kanta a wannan hali, ibadarta yanzu ita ce ta karɓi magani. Ya yi mata addu'a, ya fito ya gaya wa almajirinsa cewa addu'a ba ta kori likita ba, ya bar yarinya inda take. Baffa ya shiga motarsa shi kaɗai. Daga ranar ne ya daina zuwa gidan Goggo, har sai da ya zo zama maraya.

Maigidana kuma a kan likitan ƙwaƙwalwa ya toge. Ya ce idan aka ji a gari 'yarsa tana ganin likitan mahaukata, wa zai aure ta. Goggo ta ce masa ba ta taɓa jin an kai kuɗin gaisuwa maƙabarta ba, ta miƙa masa biro. Ya sa hannu.

Ni ta bari a ƙarshe. Ashe ta je gidanmu na unguwar Barunde ta wuni, tana hira da ƙannen yarinyar. Ta gano inda ake zubar da abincin, bayan katanga, akuyar maƙwabta har ta yi ƙiba. Ta kuma gano sunan da ake tsokanar yarinyar da shi tun tana aji ɗaya na sakandare, Buhu, da wadda ta fara faɗa. Ni ce. A gaban baƙi na ce waccan ta fara zama buhu, aka yi dariya, sunan ya bi ta. Kunyar da aka koya mana ta hana uwa ta yabi 'yar fari, amma ba ta hana ta yi mata ba'a ba, hasali ma ba'ar ce kaɗai maganar da aka bar mana.

Goggo ta ce ba ta ce ni na sa wa yarinyar ciwon ba, abin ya fi kalma ɗaya, kuma ba shari'a ta kira ni ba. Likitoci za su yi nasu, amma wata rana za a sallame ta, kuma ba likita za ta tarar a gida ba. Daga yau, kullum bayan azahar, zan zauna da ita a kan tabarma ɗaya, faranti ɗaya, nata awon a gefenta, nawa a gefena. Kada in ce ci. Kada in kalli bakinta. Kada in ce ta rame, kada in ce ta murmure. In yi hira kawai, kuma in an gama kada in tashi sai an yi rabin awa. Sannan in kira ta da sunanta.

Na ce mata, "Goggo, a gidanmu ba a yi."

Ta ce, "An ɗora ta a sikeli da safe, na ga abin da ya rage. Kawo kunyar taki ita ma mu ɗora, mu ga wadda za ki koma gida da ita."

Rana ta farko ta zauna tare da mu, da ɗan kwanon shanta mai murfi da take zuwa da ɗanwake a ciki. Tana ci tana ba mu labarin wata tunkiyarta da ta ƙi jinin mai kawo takardar wuta. Ni kuwa na fi minti goma ina juya sunan a bakina kafin ya fito, ya fito kamar tari. Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, tana neman wanda ya kira ta. Ba ta san sunanta a muryata ba. Wannan abin har yau yana ci mini rai, kuma ban ga ranar da zai daina ba. Cokali uku ta ci a ranar, cikin kusan awa guda. Goggo ba ta yaba ba, ta rufe kwanonta ta ce gobe ma haka.

Ba a wata ɗaya aka warke ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. An sallame mu, mun koma, an sake sallamar mu. Goggo ta je makaranta ta zauna da shugabar, aka bar yarinya ta riƙa cin abincin rana a ofis ba a gaban 'yan aji ba. Duk ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa tana bakin ƙofa tana jiran mu, don ta san halin maigidana da mantuwar ganganci. Bayan ta yi ritaya ma kullum da la'asar sai wayata ta yi ƙara. Ba sallama mai tsawo, ba tambayar yara. Ba ta taɓa cewa kun ci ba. Abin da take tambaya shi ne, kun zauna?

Kada a ce na mayar da ita waliyyiya. Mace ce mai taurin kai, ba ta iya ba da haƙuri ba, kuma duk inda ta zauna sai an share ɓawon goro. Abin da yarinyar take gaya mata a ofis ba ta taɓa gaya mini ko kalma ba, na roƙa, na yi fushi, ta ce ba nawa ba ne. Na kai mata atamfa don godiya, bayan sati na gan ta a jikin wata mai jinya. Kuma ta san wani abu game da ni da ya sa ba ta taɓa sakar mini fuska gaba ɗaya ba: zaman nan da nake yi da 'yata, a bayan ƙofa nake yin sa. Da mun shiga cikin dangi sai in koma ke da waccan. Idan ta ji, sai ta yi mini wani kallo daga sama zuwa ƙasa, ta ci gaba da taunar goronta. Na cancanci kallon.

Ranar Litinin aka yi sadakar uku. Tsakar gida ta cika da mata, surukata tana kan kujera, yayyen mahaifina biyu sun zo daga ƙauye, irin tsofaffin da suka koya mini sunkuyar da kai. Maƙwabta sun aiko da kuloli an jera su a gindin bango, babu mai tare su yanzu. 'Yata ta fito da tire za ta wuce, sai matar Baffa ta dube ta ta ce, "Malama, azumin Litinin ake ne? Madalla, sai ki kai ladan kabarin Goggo."

Yarinyar ta ci gaba da tafiya da tirenta. Amma na ga fuskarta. An miƙo mata mafaka ce, irin wadda ta ɓuya a cikinta a da, ga dangi suna gyaɗa kai suna sa albarka. Kwana uku ke nan cikinta ba komai. Na waiga wajen ƙofar ɗakin Goggo, kamar za ta fito da bencinta.

Aka kira azahar, muka yi salla. Na shiga madafa na nemo ɗan kwanon shan nan mai murfi, yana nan a kan kanta. Na zuba shinkafa da wake daidai awon da na sani, na zuba nawa a faranti. Akwai ɗakin da zan iya jan ta mu shiga mu rufe, kuma ƙafata har ta nufi can. Sai na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gidan, a gaban surukata, na zauna, na ɗaga murya na kira 'yata ta fari da sunan da aka raɗa mata.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ja salati ta rufe baki da mayafi. Na ji matar Baffa tana cewa zamani ya lalace, a gidan mutuwa ma ba a bar rashin kunya ba. Ban waiwaye ta ba, na ba ta shekara bakwai na waiwaye, sun ishe ta.

Yarinyar ta ajiye tiren ta zo ta zauna. Ban ce ci ba. Ban kalli bakinta ba. Na fara cin nawa ina ba ta labarin tunkiyar Goggo da mai kawo takardar wuta, labarin da mu biyun mun ji ya fi sau ɗari. Na kai inda tunkiyar ta bi shi har bakin titi, sai na ji ƙarar cokali a jikin kwanon sha.

Ta daɗe kafin ta gama, kuma ba ta cinye ba. Muka zauna rabin awar nan cif, mata suna ratsa mu suna kauda kai. Da za mu tashi ta ce, "Adda, la'asar ta kusa." Na san abin da take nufi. Wayata tana cikin jaka, kuma ba za ta yi ƙara ba.

Allah Ka yafe wa baiwarKa kurakuranta, Ka yalwata mata kabari, Ka sa waɗanda ta ciyar da abincin wasu su zama shaidunta. Masu kuka sun yi sun gama, sun ɗauki kulolinsu sun tafi. Ni amsa ɗaya ce da ni, ta tambayar da ba a yi mini ba ranar Litinin: mun zauna, Goggo, kuma a tsakar gida.